Ɗan Aikena a Kan Bishiyar Shanu

Duk shekara ana turo mini matasa su koyi aiki a ɗan ofishina da ke Gummi, kuma duk shekara sai an samu wanda zai leƙo ta bayan kafaɗata, ya ga na danna maɓalli ɗaya bishiya ta fito a fuskar kwamfuta da rassanta ja da kore, ya ce, “Au, Baba Umaru, ashe aikin ke nan?” Aikin ke nan, ɗana, zo ka zauna ka danna. Sai ya danna, kwamfuta ta watso masa jan rubutun kuskure, ya juyo yana kallona kamar ni na ɓata ta. To ku matso, yau ba mai danna komai. Labarin sana'ar zan ba ku, don ni har gobe idan bishiya ta fito daidai sai in ji kamar in tashi in taka rawa, da furfurata da komai.

Sana'ata haɗa kama da kama. A kawo mini bayanan gonaki, ko na rijiyoyi, ko na garkunan shanu, tuli guda ba kai ba gindi, ni kuma in auna wa ya yi kama da wa. Biyun da suka fi kusa a ɗaure su wuri ɗaya, a nemo na kusa da su a haɗa, a yi ta tafiya haka har kowa ya taru a gindi ɗaya. Idan aka zana wannan sai ya fito kamar bishiya. Kowace gona ko garke ganye ne. Duk inda rassa biyu suka haɗu, gaɓa muke ce masa. Waɗanda suka haɗu tun kusa da ganye 'yan ɗaki ɗaya ne, waɗanda sai can gindi suka haɗu kuwa dangin nesa ne, irin waɗanda sai wurin suna ake gaisawa.

A Sakkwato na koya, hannun Malama Asabe, wata siririyar mata mai tabarau da baki kamar reza. Ranar farko na sha sabuwar shadda, ina baza ido in ga kwamfutar da za a ba ni. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta zube zangarnun gero iri-iri, ta miƙo mini zare.

“Ɗaure mani su biyu-biyu, kowa da mai kama da shi,” ta ce. “In ka ƙare, ka ɗaure ɗaurin.”

Na duƙa da shaddata na ɗaure, na miƙe ina murmushi. Ta dubi aikin ta saman tabarau.

“Da mi sunka yi kama? Tsawo, ko kauri, ko launin tsaba?”

“Duka, Malama.”

“Ƙarya kake, tsawo kaɗai kab bi, don shi ya cika maka ido. Kwance.”

Na kwance, na sake, ta sake cewa in kwance. Sai da na gane cewa abin da ya fi girma yakan danne sauran idan ba a daidaita ma'auni ba, sannan ta bar ni na taɓa kwamfuta. Har yau idan na ga ɗayanku ya zuba yawan shanu, mai kai ɗaruruwa, kusa da amsar e ko a'a, bai daidaita su ba ya danna, muryarta nake ji tana cewa kwance.

Amma abin da ya sa na kamu da son aikin nan, ɗan aike ne. Bishiya ita kaɗai kurma ce. Za ta nuna maka waɗannan sun taru a reshe ɗaya, ba za ta faɗa maka abin da ya tara su ba. To a cikin R, harshen da muke yi wa kwamfuta magana da shi, akwai umarnin da ake kira dendrapply. Kai za ka rubuta naka ɗan umarni da hannunka, ka miƙa masa, shi kuma ya kai shi kowace gaɓa da kowane ganye, tun daga gindi har ƙarshen reshe, ba ya tsallake kowa. Wannan da nake rubutawa da hannuna shi nake kira ɗan aike. Ka ce masa, duk gaɓar da ka isa, dubi ganyayen da ke ƙarƙashinta, idan yawancinsu gonakin fadama ne ka shafa wa reshen kore. Kafin ka sauke kofin shayi ya zaga ya dawo, bishiya ta yi magana. Ranar da na fara ganin haka, tashi na yi har kujera ta kife, Malama Asabe ta ce in zauna ba a kasuwa nake ba.

Sai dai ɗan aiken nan ba shi da wayo ko kaɗan, abin da ka ce kawai yake yi. Idan ba ka koya masa ya fara tambaya, “Ganye nake kai ko gaɓa?” ba, zai nemi sunan garke a inda babu suna. Na ƙasa da shi kaɗai yake gani, bai san inda ya fito ba. Kuma duk abin da ya yi wa gaɓa, dole a layin ƙarshe ya mayar da ita wurinta. Wannan layin kowane ɗayanku zai manta da shi, na rantse, kuma bishiyar za ta zube masa kamar rumfar da aka zare wa ginshiƙi. In ta zube kada ka zo mini da cewa kwamfuta ce ta tsufa.

Ta tsufa ɗin kam, wannan ba gardama. Haruffan maɓallanta sun goge, da yatsa nake gane su. Batirinta sai da hasken rana, injin buga takarda kuwa tawadarsa mai launi nake ɓoyewa kamar turaren amarya, sai babban aiki. Idan tafiya ta kama zuwa ƙauyen Adabka, cikin tsohon zanen Inna nake naɗe ta in rungume a bayan babur, don hanyar nan ba ta san darajar ilimi ba. Masu kawo aiki kuma kala-kala. Manoman shinkafar fadama na fi jin daɗinsu, ka nuna musu irin da ya jure ambaliya sun taru a reshe ɗaya, su yi ta kabbara. Ɗaliban jami'a su kyau kawai suke so, “Baba, a sa mata launi da yawa.” Akwai wani da ya ce in matsar da ƙauyensu zuwa reshen masu albarka. Na ce masa ni aike nake yi, ba dashe ba.

Aikin da ba zan manta ba na shekarar tarin shanu ne. Da kaka ta wuce, shanu suka fara ciwo tun daga Gwashi har Adabka, har wasu rugage na wajen Anka. Saniya ta tsaya ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba tana numfashi da ƙyar, ba a jima ba ta faɗi. Mutane suka nemi wanda za su ɗora wa, suka samu Jaɓɓo. Baƙo ne, bai daɗe da sauka wajen Bukkuyum da iyalinsa ba, shanunsa kuma ramammu, daga nesa kana ganin haƙarƙarinsu. Aka ce shi ya kawo ciwon, a mashaya yake shafa wa shanun mutane. Ardo, shugaban makiyayan yankin, ya sa ranar taro don a yanke ko za a hana Jaɓɓo mashayar gulbi. Ku da kuka tashi a nan kun san abin da hana garke gulbi da rani yake nufi. Shanun ba za su ga damina ba.

Dakta Sa'adu, likitan dabbobi, shi ya shigo mini da bayanan da ma'aikatansa suka tattaro daga garkunan da ke ciwo: yaushe ya fara, waɗanne dabbobi ya fara kamawa, da alamun da aka gani.

“Malam Umaru, ni ban yarda ciwo guda ba ne,” ya ce. “Ka duba mani kahin taro.”

Da alamun ciwo da lokacin farawa kaɗai na gina bishiyar, ban sa komai ba bayan su. Na danna, ta fito ta rabu gida biyu tsaf, kamar an sa wuƙa. Reshen dama duk masu tari ne da miƙe wuya, kuma a manyan shanu mata ya fara. Reshen hagu rama ce da zawo da kumburin haɓa, abin da Dakta ya ce ciwon hanta ne da tsutsar ciki da wahalar tafiya. Na bi ganyaye da yatsa ina neman Jaɓɓo. Ga shi can tsakiyar reshen hagu, nesa da masu tari. Na buga tebur na ce Allahu akbar.

“Kada ka yi murna tukuna,” in ji Dakta. “Ardo za shi ce, to in ba shi ba ne, wa na? In ba ka da amsa, kan Jaɓɓo za a koma.”

Gaskiyarsa. Sai na koma kan ɗan aikena. Na ce masa ya zaga ya shafa wa kowane reshe launin mashayar da yawancin garkunansa ke sha. Ya dawo mini da bishiya kamar atamfa, launi ko'ina, ba tsari. Wannan ma labari ne, don da a mashaya ake ɗauka, da reshen dama ya zama launi ɗaya. Na sake rubuta shi, ya tambayi kasuwar da suke ci. Atamfa. Ya tambayi inda suke sayen kanwa. Atamfa. Ya tambayi ko sabuwar dabba ta shiga garke bana, kowa ya ce a'a, bishiya ta fito baƙa ƙirin. Kada ku ɗauka na gaji. Irin wannan farauta ita ce daɗin sana'ar, abinci ma sai an yi mini faɗa nake ci. Amma ranar taro tana ta matsowa, ni kuwa ba ni da abin faɗa wa Ardo.

Da tambayoyin da ke hannuna suka ƙare, na naɗe kwamfuta na hau babur zuwa Adabka, in ga ɗaya daga cikin garkunan reshen dama da idona. Garken wani Sanda ne, shanunsa farare tas. Ina tsaye muna gaisawa sai ga 'yan maruƙa jajaye sun ratso tsakaninsu, kowane da farin tabo a goshi. Na ƙura musu ido, don na san tabon nan tun kafin a haife su. Innata Bafulatana ce, yayanta Kawu Buba yana Gwashi, kuma yana da jan bijimi mai farin goshi da ake kira Goje. Duk yankin an san Goje. A al'adar makiyayanmu ba a rowar bijimi mai kyau. Amini ya aiko, ka tura masa ya zauna cikin garkensa na ɗan lokaci ya bar iri, ba saye ba haya, zumunci ne. Kawu kuwa da wannan yake alfahari, kusan kullum Goje yana gidan wani.

“Sanda, Goje ya zo nan bana?” na tambaya.

“Ya zo mana, bayan girbi. Bara ma ya zo, ga ɗiyanai nan kana gani.”

“To da anka tambaye ku ko sabuwar dabba ta shigo, don mi kunka ce a'a?”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “Goje sabo? Goje ai na gida na. Ba saye munka yi ba.”

Ban san yadda muka dawo Gummi ba. Na zauna da waya ina kiran garkunan nan ɗaya bayan ɗaya, na dama da na hagu duka, inda ba waya in aika mai babur. Tambaya ɗaya: Goje ya sauka wurinku bana? Da amsoshi suka cika na rubuta sabon ɗan aike. Na ce masa, duk gaɓar da ka isa, dubi na ƙarƙashinka, idan yawancinsu sun karɓi Goje ka shafa wa reshen ja, ka ƙara masa kauri, sannan ka mayar da gaɓar wurinta. Na yi bismillah na danna.

Jama'a! Ja ya kama tun daga babbar gaɓar dama ya bi reshe reshe har ganyayen ƙarshe. Hagu kuwa baƙi, in ban da wani ganye ɗaya can gefe da shi ma ya karɓi Goje. Ku lura da kyau, don nan ne sana'ar take: ban sa Goje cikin ginin bishiyar ba. Ita ta tara su da alamun ciwo ba ta san da shi ba, ɗan aike ne ya je daga baya ya tarar da shi a kowace ƙofa. Tunda nake ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na yi tsalle, na yi ihu, har mai shayin maƙwabta ya leƙo. Sai a tsakiyar murnar na tuna bijimin wa ne, na zauna.

Dakta ya daɗe yana kallon bishiyar. Ya ce ciwon huhu haka yake, wata dabbar takan warke ta yi ƙiba, alhali ciwon yana kwance a ƙirjinta tana rabawa. Ya ce amma bishiya ba ta yanke hukunci, wurin dubawa kawai ta nuna, sai an ɗebi jinin Goje. Kuma ba mai taɓa Goje sai da yardar mai shi.

“Kawunka na,” ya ce. “Kai za ka.”

Na fito da tawadar da nake ɓoyo, na buga bishiyar a babbar takarda, na naɗe. Da hantsi na isa Gwashi, an gama tatsa. Goje yana turke, jikinsa na sheƙi, ko tari ɗaya ban ji ya yi ba. Wallahi sai da na so in juya. Muka gaisa da Kawu, ya sa aka kawo mini kindirmo, na shimfiɗa takarda a kan tabarma na danne gefenta da takalmina.

“Ummaru, mi kak kawo muna? Zanen icce?”

“Garkunan da ka ciwo na, Kawu. Kowane ganye garke guda. Waɗanga jajaye su ka tari.”

Kawu bai yi boko ba, sai na fara karanta masa sunayen jajayen. Sanda na Adabka. Manu na bakin fadama. Ban kai na gaba ba ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Akwai Jodi ciki?”

“Akwai.”

“Ɗiyan Hammadi hwa?”

“Suna ciki.”

Ya ci gaba da kiran sunaye, ni ina cewa akwai, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Duk aminansa ne, duk waɗanda ya tura wa Goje da hannunsa. Ban ce masa komai game da bijimin ba, shi ya juya ya dubi turke.

“Jaɓɓo hwa?” ya ce.

“Shina wancan reshe, Kawu, baƙin. Nashi ciwon daban na.”

Kawu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Ya aiko mani da kaka, shina son aron Goje. Nic ce ban san shi ba, ban san shanunai ba. Nih hana.” Ya shafa gemu, ya miƙe. “Kira likitanka.”

Aka ɗebi jini aka aika, sakamako ya dawo ana gab da taro. Goje yana ɗauke da ciwon. Dakta ya ce ba zai sake shiga garke ba, sai hannun mahauta, sauran shanun yankin kuma a raba masu ciwo a yi wa masu lafiya rigakafi.

Ranar taro ƙofar Ardo ta cika. Jaɓɓo yana can gefe shi kaɗai, sandarsa a kan gwiwa, ba mai zama kusa da shi. Ni kuwa ga takardata a hammata, na shirya bayani tun daga gindi har ganye. Ba zan ɓoye muku ba, duk da nauyin abin, ina ɗokin a ga jan reshen nan, don aiki ne na nuna wa duniya. Ardo ya ce mutumin likita ya yi magana. Ina yunƙurin tashi Kawu ya riga ni.

“Ardo, ku bar Jaɓɓo shi shayar da shanunai,” ya ce. “Ciwon ga daga turkena yah hito. Duk wanda nib ba aron Goje, ni nik kai mai shi har gida. Wanda nih hana, shi yat tsira.”

Jaɓɓo ya ɗago kai yana kallon Kawu. Ardo ya juyo wurina.

“Malam Ummaru, mi takardarka tac ce?”

“Abin da Kawu yac ce, Ardo.”

“To ba sai an buɗe ba.”

Da la'asar ina bayan babur za mu koma Gummi, muka ratsa ta bakin gulbi. Ramammun shanun Jaɓɓo suna gangarawa ruwa suna ture juna. Gaba kaɗan muka cim ma mahauta sun taso Goje. Ba su ke riƙe da igiyar ba. Kawu ne, yana tafe a gaba, bijimin na bin sa kamar yadda ya saba in za a kai shi gidan amini. Na ce wa mai babur ya rage gudu, kada mu tayar musu da ƙura.

Takardar tana can saman kabad a naɗe, bishiya mafi kyau da na taɓa yi, kuma taron nan bai gan ta ba. In kuna so ku sauko da ita. Amma kafin nan, kai mai cewa aikin ke nan, zo ka karanta mini sunan da ke kan ganyen nan na bishiyarka da ke cikin kwamfuta, ka faɗa mini ko ka san shanun wa ne.